Watandar Gona: Yadda Gidajen Birni Za Su Shiga Noma Tun Daga Shuka

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kabi ya san watanda. Ana gab da ƙaramar Sallah sai magidanta goma ko ashirin na unguwa ɗaya su haɗa kuɗi su sayi sa, a kira mahauci ya yanka, a kasa naman kashi-kashi. Kowane kashi da tsoka da ƙashi da ɗan kayan ciki. Ba wanda ke cewa shi cinya kaɗai yake so. In san ya yi kitse kowa ya ji daɗi, in ya zo a rame kowa ya ɗauki nasa ya yi haƙuri.

Akwai tsarin da ya yi kama da wannan, sai dai a gona ake yinsa. Gidaje su haɗu su ba manomi kuɗi kafin ya yi shuka, shi kuma duk abin da gonar ta bayar a raba musu mako-mako har ƙarshen lokacin. Ni watandar gona nake kiransa, don ban sami sunan da ya fi wannan kusa da shi ba. Amma akwai bambanci babba. A watandar nama kana ganin san da idonka kafin ka zuba kuɗi. A ta gona kuwa abin da ka biya ko tsiro bai yi ba. Amfanin tsarin da hatsarinsa duk a nan suke.

A Japan aka fara jin sunansa, wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970, lokacin da matan gida suka tsorata da yawan maganin feshi a abinci, suka nemi manoma suka ƙulla alkawari da su kai tsaye. Suna kiran abin teikei, wato haɗin gwiwa. A 1978 aka kafa irinsa kusa da birnin Janeba na Suwizalan. A 1986 gonaki biyu suka fara shi a Amurka, ɗaya a jihar Masacusets, ɗaya a Niyu Hamsha, can ne ya samu sunan CSA da ake yawan ji yanzu, wato noman da al'umma ke tallafa wa. Faransa ta biyo baya a 2001 da ƙungiyoyin da ake kira AMAP. Su abin da ya tura su shi ne tsoron guba a abinci da mutuwar ƙananan gonaki a gaban manyan kamfanoni. Mu tamu damuwar daban ce: kuɗi ba ya zuwa hannun manomi a lokacin da yake buƙatarsa.

Ina da kawu da ke noma a fadama, kuma shekara da shekaru ina kallon yadda abin ke tafiya. Watan da ya fi buƙatar kuɗi shi ne watan da ba shi da ko sisi. Rumbu ya yi ƙasa, ga iri, ga taki, ga kuɗin huɗa, ga 'yan ƙwadago. In noman rani ne ga fetur na injin ban ruwa, wanda tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ya zama babban nauyi. Banki ba ya kallon irinsa. To sai ya nufi mai kuɗin ƙauye ya karɓi abin da ake kira ba da kaka: a ba shi kuɗi yanzu, in kaka ta yi ya biya da buhu, a farashin da mai kuɗin ya yanka. Akwai shekarar da na ga an zo da mota har bakin masussuka an kwashe kusan rabin shinkafarsa kafin ta shiga gida. Sauran kuma dole ya kai kasuwa a makon da kowa ke kaiwa, lokacin da farashi ya faɗi ƙasa warwas, saboda akwai wasu basussukan da ke jira. Bayan wata shida shi da kansa zai koma kasuwa ya auni mudu da tsada.

A wancan gefen kuma ga ma'aikaci a Birnin Kebbi, malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya, da ke sayen wannan shinkafar bayan ta bi ta hannu uku ko huɗu. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci a Najeriya ta haura kashi 40 cikin 100. Shi yana kuka, kawuna yana kuka, tsakaninsu bai fi tafiyar awa ɗaya ba. Watandar gona hanya ce ta haɗa mutanen nan biyu: kuɗin ma'aikaci ya isa gona a watan shuka, amfanin gona ya isa gidansa ba tare da ya zaga kasuwa ba.

Ba na cewa ɗan kasuwa ko dillali abokin gaba ne. Shi ke ɗaukar kaya daga Aliero ya kai Legas, shi ke ajiye hatsi ya jure asarar gara da ɓera. Ba don shi ba da garuruwa da yawa sun kwana da yunwa. Abin da nake ƙi shi ne ya zama ƙofa ɗaya tilo da manomi ke da ita.

Yanzu, me zai riƙa zuwa gidan wanda ya shiga? Nan ne mutanen birni ke fara ja da baya, domin gona ba kanti ba ce. Abin da lokaci ya kawo shi za ka ci.

Farkon damina kwandon ba ya da nauyi. Lokacin ganye ne: tafasa, rama, zogale, lalo, yakuwa, alayyafo. Lokacin kwaɗo da ƙuli-ƙuli ke nan, da ƙwan zabi, da nono wanda ke yawaita saboda shanu sun sami ɗanyar ciyawa. Kaɗanya na zuba, yara na tsintar tsada. In marka ta yi sai ɗanyar kuɓewa da gauta da yalo su shigo, sai masarar gasawa. Wajen Satumba a fara cin tumu. Wanda bai taɓa zama bakin wuta da yamma ana gasa zangarniyar sabon gero ana murzawa a tafin hannu ba, akwai abin da ya wuce shi, kuma yaran birni da yawa yau ba su san shi ba. Daga nan ɗanyar gyaɗa da gurjiya, a yanke gero, a roro wake, kabewa ta nuna, dawa ta zo a ƙarshe tare da sanyi, ita da shinkafar damina.

Hunturu kuma na fadama ne. Tumatir, tattasai, attarugu, kabeji, karas, latas, dankali, rake. A watannin nan kwandon na cika har ya fi ƙarfin gida ɗaya. Bazara ta kawo mangwaro da albasa da alkama da shinkafar rani, ɗorawa ta nuna a sami garinta da kalwa. Sai ruwa ya sake sauka a koma ganye.

Jiharmu ta Kebbi ma tana da wata dama da ba kowa ke lura da ita ba. Ruwa na riga sauka a kudu, wajen Yawuri da Zuru, kafin ya iso Argungu da Arewa da makonni. Ga fadamar Gulbin Kebbi da ta Kwara da ba sa barin ƙasa ta zauna banza da rani. In ƙungiya ta ƙulla da manoma biyu, ɗaya na tudu ɗaya na fadama, ba watan da za a rasa abin rabo.

Cin abin da lokaci ya kawo ba sabon abu ba ne a wurinmu, haka kakanninmu suka rayu. Birni ne ya koya mana son jar miya kullum, daga Muharram zuwa Zulhajji. Tumatir kuwa ba ya son zafin bazara, ba ya son laimar damina, shi ya sa kowace shekara daga wajen Mayu farashinsa ke tashi. A 2016 da tsutsar nan mai cin ganyen tumatir ta afka wa gonakin Arewa, gidaje da yawa sun rikice kamar babu wata miya a duniya. Alhali watannin da tumatir ke ɓuya su ne watannin da yakuwa da kuɓewa da lalo suka fi arha. Ga kuka da ba ta da lokaci. Uwargidan da ta iya sarrafa waɗannan ba ta jin tsadar tumatir kamar wadda ba ta san komai ba sai na gwangwani.

Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. In aka kwaikwayi tsarin Turawa yadda yake, wato kwandon ɗanyen ganye duk mako, ba zai ɗore a nan ba. Su suna da firiji da wutar da ba ta yankewa. Mu tumatir ɗin da aka tsinka ranar Asabar in zafi ya yi kafin Laraba ya fara ruwa. Kuma abin da ke cin kuɗin magidanci ba latas ba ne, hatsi ne. Saboda haka watandarmu dole ta tsaya kan ƙafa biyu: tsaba da ake rabawa sau ɗaya da kaka a kai rumbu ko ɗaki, da kayan miya da ake rabawa mako-mako. Sannan a sa adanawa cikin lissafi tun farko.

Wannan na uku shi ne ya fi muhimmanci a ganina, kuma aikin mata ne tun fil azal. A makon da tumatir ya yi yawa, maimakon a tura wa kowane gida abin da zai ruɓe, a ware rabi a yanka a shanya ya zama kauɗa, a ajiye wa damina. Haka kuɓewa, haka tattasai, haka zogale a inuwa. Albasa kuwa manoman Aliero sun daɗe suna ajiye ta a rudu, inda iska ke ratsa ta, har farashi ya ɗaga. Gyaɗar ƙungiya a ba mai tuya ta fitar da mai da ƙuli-ƙuli. Kalwa a ba mai daddawa, ko daudawa kamar yadda muke faɗi a nan. Wadda ta taɓa yin ta ta san wahalarta: dafawa ta kwana guda, surfe, wanki, sake dafawa, a rufe kwana biyu ko uku har ta yi, sannan a kirɓa a shanya. Shanshera kuma a ba matan da ke turara shinkafa, waɗanda manyan injina ke ta ƙwace wa ciniki. Waɗannan matan a biya su lada sananne daga kuɗin ƙungiya, ko a ba su kaso. In ba a yi haka ba, an taimaki mai gona an bar matarsa da maƙwabciyarsa a inda suke.

Sai maganar da duk Musulmi zai tambaya, kuma ya kamata ya tambaya: ya halatta ka biya kuɗin abin da ba a shuka ba, ba ka san yawansa ba?

In aka ɗauke shi a matsayin ciniki, akwai matsala. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana sayar da 'ya'yan itace kafin nunarsu ta bayyana, ya kuma hana cinikin da ke da garari, wato wanda ba a san abin da za a samu ba. Shari'a ta yarda da biyan kuɗi gaba, shi ne salam, amma da sharaɗin a san awo, a san nau'i, a san ranar bayarwa, kuma kayan ya zama bashi a wuyan mai sayarwa, ba a ɗaure shi da wata gona guda ba. Ka ga salam zai yi wa tsaba daidai: buhu kaza na shinkafa iri kaza, a wata kaza. Sai dai a salam in gona ta lalace manomi ne zai nemo ya biya. Hatsarin na kansa shi kaɗai, kuma wannan shi ne abin da ake son a rage.

Hanyar da na ga ta fi tsabta ita ce kada a yi ciniki sam. Gidajen su zama masu noman. Su haɗa kuɗi su yi hayar gonar da kuɗi, su sayi iri da taki, su ɗauki manomin aiki da lada da aka yanka tun farko. Abin da ya fito nasu ne tun yana ƙasa, ba saye suka yi ba, don haka in ya yi yawa nasu, in ya lalace nasu. Manomi kuwa ya riga ya karɓi hayarsa da ladansa. In ana so ya shigo a matsayin abokin tarayya, shi ma akwai babinsa, amma malaman Malikiyya na da sharuɗɗa a kai, musamman kada ƙasa ta zama a madadin iri ko a yi hayarta da abincin da za ta fitar. Wannan ba wurin da za a yi kintace ba ne. A rubuta yarjejeniyar a kai wa malamin da ya san babin mu'amala kafin a karɓi kuɗin kowa. A tambaye shi har da zakka, domin abin da ruwan sama ya shayar ɗaya cikin goma ake fitarwa, wanda aka yi wa ban ruwa da inji ɗaya cikin ashirin.

A ce gidaje 20 ne na ma'aikatan wata makaranta. Su zauna da manomin a lissafa komai: haya, iri, taki, magani, fetur, ƙwadago, ladansa, ladan masu sarrafawa, kuɗin babur mai ƙafa uku da zai kawo kaya gari. A ɗora wani abu a sama don abin da ba a zata ba. A raba gida 20. Mai ƙaramin iyali ya ɗauki rabin kaso. Da yake albashi wata-wata yake zuwa, a biya sau uku, amma kashin farko ya shiga kafin a taɓa ƙasa, in ba haka ba an rushe dalilin yin abin. Mun iya wannan, adashi muke yi kullum. A zaɓi mutum uku, cikinsu har da mace, su riƙe littafi. Duk abin da aka kashe a sa hotonsa a zauren WhatsApp. Kuma a riƙa zuwa gonar. Ranar dashe ko ranar girbi a kwashi yara a je a yi gayya, don wanda ya ga tsutsa a ganye da idonsa ba ya zargin manomi da ƙarya.

Shekarar albarka kowa zai yabi tsarin. Shekarar asara ce ke nuna ko an gina shi da kyau. Mun ga ambaliyar 2020, lokacin da ruwa ya shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske a jihar nan gab da girbi. Da akwai ƙungiya irin wannan a shekarar, da kowane gida ya rasa kasonsa. Dole a faɗa wa mutum wannan ƙarara ranar da zai shiga, a rubuta, ya sa hannu. Wanda kuɗin cefanen watansa ne zai zuba, kada a karɓa. Asarar da za ta kassara manomi ɗaya in an raba ta gida 20 kowa zai iya ɗauka, amma sai in abin da ya sa bai kai ya hana shi barci ba. Shi ya sa nake ganin tsarin bai dace da mai neman na yau da yau ba, wanda sai ya fita ya samo ake ɗora tukunya. Shi hanyar shigarsa ita ce aiki: ya yi kwanaki a gona a ba shi kaso, ko masu hali su sayi kaso ɗaya ko biyu don marayun unguwa.

Mun kuma ga abin da ke faruwa idan bashi ne kaɗai ya haɗa mutane. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers na Babban Banki, mai ba manoma bashin noma, a Nuwamban 2015. Noman shinkafa ya bunƙasa, har a ƙarshen 2016 Kebbi da Legas suka fito da shinkafar haɗin gwiwa mai suna Lake Rice. Amma biyan bashin ya zama rigima mai tsawo. Wasu ruwa ya cinye, wasu sun ɗauka rabon gwamnati ne, wasu ma ba manoma ba ne. Mai ba da kuɗin yana Abuja, mai karɓa yana Suru ko Bunza, ba wanda ya san fuskar wani. Ƙungiyar gidaje 20 ba ta da kuɗin banki, amma tana da abin da banki ba shi da shi: kowa ya san gidan kowa, ana haɗuwa a masallaci da wurin suna.

Ko da hakan, zuciya na iya karkata. Farashin albasa ya yi sama, manomi ya ga kwandon da zai kai wa ƙungiya zai ba shi ninki a kasuwa. Ko farashi ya faɗi, ɗan ƙungiya ya lissafa ya ga da kasuwa ya je da ya fi samun sauƙi. Duka biyun za su faru. Abin da ke rage na farko shi ne a biya manomi lada mai kyau, a kuma bar masa wani yanki na gonar ya noma nasa na kansa. Na biyun kuma sai an yi lissafin shekara sukutum, domin wanda ya auna da farashin kaka kaɗai ya manta da na watan Yuli.

Akwai kuma abin da ba lissafi ke gyara shi ba. A sassa da dama na Zamfara da wasu yankunan masarautar Zuru, manomi ba ya isa gonarsa sai da fargaba, wani wuri sai an biya 'yan bindiga kafin a yi shuka ko girbi. Ba zan ce wa kowa ya kai kuɗinsa ko 'ya'yansa irin wannan wuri ba. Abin baƙin ciki shi ne manoman da suka fi buƙatar a tsaya musu su ne waɗanda tsarin ba zai iya kaiwa gare su ba a yanzu. Sai dai da yawansu sun yi gudun hijira suna gefen Gusau da Birnin Kebbi da wasu garuruwan, da ilmin noma a kansu ba gona a hannunsu. Ƙungiyar da ta yi hayar fili kusa da gari tana neman wanda zai riƙe mata, ga su nan.

Wanda zai gwada, shawarata ya fara da noman rani. Ruwan yana hannun mutum, ba a jiran hadari, ambaliya ta wuce, kuma wata huɗu zuwa biyar an ga ƙarshen abin. A fara magana da manomin tun ana yankan gero, a gama tara kashin farko kafin ruwan fadama ya ja, domin irin tumatir da na albasa sai sun yi makonni a bedi kafin a dasa. Fili kaɗan ya isa a shekarar farko, hekta ɗaya ko ƙasa da haka, kayan miya huɗu ko biyar, da tabarmin shanya da aka tanada tun kafin tumatir ya fara ja. Tsaba da noman damina a bar su sai an zauna an duba littafin rani tare da manomin.